Geron Muhawarar Kawu Ilu

Ku da kuka san Kawu Ilu Mai Awo, ku faɗi tsakaninku da Allah: akwai wanda ya taɓa ganin hannun rigarsa na dama a sauke? Ni dai da na tashi a gidansa ban taɓa gani ba. Kullum a naɗe yake har kafaɗa, ko ranar Juma'a, ko ranar Sallah. Dalili kuwa, Kawu bai yarda da saman buhu ba. In ka kawo gero rumfarsa a kasuwar garinmu, can kan hanyar Baure, ko kallon abin da ke bakin buhun ba zai yi ba. Hannu zai zura har hammata, ya lalubo na ƙasa, ya shinshina, ya tauna ƙwaya biyu, sannan ya ɗago ya dube ka.

"Na saman nan na bana ne. Na ƙasan nan kuwa ya girme ka."

Wani mutumin Mashi ya taɓa ce masa, "Haba Malam Ilu, ai na rantse maka!"

Kawu ya ce, "Kai ka rantse, na ji. Buhun ne bai rantse ba."

Wan mahaifiyata ne. Da mahaifina ya rasu ina ƙarami shi ya ɗauke ni, shi da matarsa Inna Hajo suka riƙe ni, ya sa ni makaranta har na yi difloma a Katsina. Ni ne kuma na shekara huɗu cur ban taka zaurensa ba. Da yawanku rabin labarin kuka sani, rabin da ake dariya. To bari in fara da shi, don ni ma ina son in ɗan yi dariyar kafin in kai ga ɗaya rabin.

Kun tuna yadda gari ya ɗauka lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a. Kowa gani yake gyara ya zo ke nan. Masu neman kujera duk suka tsayar da gemu, wanda da bai san ƙofar masallaci ba sai ga shi a sahun gaba yana gyara wa mutane tsayuwa. Kawu yana da wata tsohuwar rediyo da yake ratayewa a jikin dirkar rumfa. Wata rana ya ji ana cewa a wasu ƙasashe, kafin jam'iyya ta fidda gwani, sai a jera masu neman takarar a gaban jama'a a yi ta yi musu tambayoyi, kowa ya ji da kunnensa. Wai muhawara. Kawu ya saki tiyar da ke hannunsa.

"Kai! Ashe su ma suna tura hannu ƙasan buhu!"

Shi ke nan, aka shiga uku. Zaɓen fidda gwani na kansila ya matso, Kawu ya ɗaura wa shugabannin jam'iyya na mazaɓarmu zarya, safe da yamma. "Yanzu fa Shari'a muke ciki," in ji shi. "Alƙali yana yanke hukunci bai ji ta bakin kowa ba? To mu don me za mu bi bayan mutum ba mu ji ta bakinsa ba?" Suka ce ya je ya yi, don dai ya ƙyale su su sha iska.

A lokacin ƙato bayan ƙato ake yi. Ɗan takara ya tsaya a fili, duk mai sonsa ya je ya yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. Babu ɓuya. Maƙwabcinka yana ganinka, surukinka yana ganinka.

Mutum biyu ne suka fito. Akwai Alhaji Mamman, ɗan garinmu ne amma a Kaduna yake zaune, sai Sallah muke ganin motarsa. Akwai kuma Malam Isiya, malamin firamare, mai wani keke da ake jin ƙararsa tun kafin a gan shi. Ranar kasuwa bayan La'asar Kawu ya sa aka ajiye musu benci biyu a gaban rumfarsa. Aka ce masa a rediyo fa kowa lokaci ake yanka masa, kai kuwa ba ka da agogo. Kawu da sayen agogo? Ina! Sai ya shiga cikin tarkacensa ya zaro wata tsohuwar tiya da tsatsa ta huda wa gindi, ya rataye ta a azarar rumfa, ya shimfiɗa faifai a ƙasa. Ya cika ta da gero. Muddin gero yana zuba, bakinka ne. Ya tsaya, ka tsaya.

Tambayar farko ya jefa wa Alhaji Mamman. "Rijiya nawa ce ta ƙafe a mazaɓar nan, kuma a waɗanne ƙauyuka?"

Alhaji ya miƙe ya saɓa babbar riga. Ya yi salati, ya gaida Mai Gari, ya gaida liman, ya gaida iyaye mata da ba su ma zo ba. Sannan ya ce maganar ruwa babbar magana ce a ƙasar Daura, duk wanda ya san tarihi ya san da rijiya aka fara. Ya kama labarin rijiyar Kusugu da macijinta tun daga tushe. Yana cikin bayanin yadda mutanen wancan zamanin suke wahalar ɗiba, sai ƙwayar ƙarshe ta faɗo kan faifai.

"Geronka ya ƙare, Alhaji."

"Haba Malam Ilu, ai ban zo kan maganar ba!"

"Mun gani. Ko macijin ba ka kashe ba. Zauna."

Wayyo Allah, dariya! Har mahauta suka bar nama suka zo. Malam Isiya kuwa ya tashi ya lissafo rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi wadda ta rufta da wadda guga ke ɗebo laka, ya zauna gero bai kai rabi ba. Kawu ya ce saura gero fa. Ya ce ai ya gama. Kawu ya dube shi kamar ya ga ɗan da ya haifa.

A zagaye na biyu ne Tanko, ɗan koren Alhaji, ƙato da shi da gemu, ya sulalo ya jingina da dirka kamar mai neman inuwa, ya ɗora babban yatsa a kan hudar. Alhaji ya yi ta zuba, ya yi ta zuba, ya gina mana asibiti, ya kawo kwalta, ya fara maganar filin jirgi. Kawu ya ga abin ya yi tsawo, ya waiga. Ya ɗauki sandar da yake korar awaki ya ɗan ɗana wa yatsan.

"Tanko, Allah kaɗai ke tsayar da lokaci. Cire hannunka."

Kada ku zaci sabon gero yake zubawa kowane zagaye. Wanda ya zuba a faifai shi yake mayarwa, kuma wannan geron shi ya yi ta amfani da shi shekara da shekaru, a ƙulle cikin wani tsumma. Ranar ma wata kaza ta faki ido ta yi caccaka uku a faifan. Kawu ya dakatar da muhawara, ya sa aka nemo mai kazar, ya ce sai ta cika abin da kazarta ta ci, don ba zai yiwu lokacin Alhaji ya fi na Malam tsawo ba. Matar ta kawo ɗan tafin hannu tana zage-zage. Ya karɓa ya busa, ya zuba.

Washegari, ranar zaɓen, a filin makaranta, abin da ba a taɓa gani ba ya faru. Mutanen da Alhaji ya raba wa huluna suka zo sanye da hulunan, suka wuce shi suka yi layi a bayan Malam Isiya. Wani tsoho ya ce masa, "Hular ta yi kyau, Alhaji, Allah ya saka. Amma rijiyarmu ce ta rufta, kai kuwa ba ka san sunan ƙauyenmu ba." Malam Isiya ya ci, ya ci babban zaɓe ma, kuma ya gyara rijiya biyu, ku shaida ne.

Wallahi wannan nasarar ita ta cuci Kawu. Da abin ya watse tun ranar farko, da ya koma kan awonsa ya mutu da kwanciyar hankali. Amma ya ga mutane sun ji magana sun sake ra'ayi da idonsa, daga nan babu wanda ya isa ya gaya masa ba haka duniya take ba.

Da wa'adi ya zagayo, abokai suka zuga ni. Kai mai difloma, ga kawunka shi ke riƙe da tiya, me kake jira? Na fito neman kansila, ni da Malam Isiya da ke neman komawa, da Alhaji Mamman da ya sake dawowa. Ana gobe muhawara na samu Kawu a zaure da hantsi, na zauna na yi ta kewaye-kewaye.

"Kawu, da an ɗan ɗanɗana mini tambayoyin nan."

"Lawal, ka taɓa ganin na gaya wa mai gero inda zan tura hannu?"

"Ai ni ɗanka ne."

"Shi ya sa zan tura har ƙasa. Kada a ce na rufa maka."

Na yi dariya, na zaci wasa yake. Kaico!

Alhaji Mamman ya koyi darasi, bai zo ba. Bencinsa ya zauna babu kowa. Kuna tsammanin Kawu zai tsallake shi? Sai da ya yi wa bencin tambaya da babbar murya, ya cika tiya, ya ce kowa ya yi shiru, lokacin Alhaji ne. Kasuwa guda muka zauna muna kallon gero yana zuba. Da ya tsaya, Kawu ya gyaɗa kai.

"Geron Alhaji ya ƙare. Jawabin bana ya fi na wancan karon ma'ana."

Sai aka zo kanmu. Tambayar a kan burtali ce, hanyar da shanu ke bi. Ya ce kaka ta yi, shanu sun gangaro daga Nijar, amfanin gona yana yashe ba a kwashe ba, burtali kuma ya tsuke. Me za ka yi kafin a zub da jini?

Na miƙe da sabuwar shaddata. Na ce za mu kafa kwamiti mai ƙarfi. Na ce za mu wayar da kan jama'a, mu jawo masu ruwa da tsaki, mu rubuta wa hukuma. Ni kaina ina jin daɗin muryata. Kawu ya bari sai da gero ya ƙare.

"Wannan kwamitin naka, saniya ta san shi?"

Aka kwashe da dariya. Na zauna gumi yana bin bayana.

Malam Isiya ya tashi ya ce wurin Arɗo zai fara zuwa tun kafin a yanke gero, ya faɗi tafkin da shanu ke sha da inda hanya ta toshe. Sannan ya ce maganar gaskiya burtali ba da kansa ya tsuke ba, manoma ne suka ci shi, kuma zai faɗi sunaye. Ya faɗi uku. Da ya zo kan na huɗun, ya ce, "Da gonar Malam Ilu mai wannan rumfa. Ta shiga burtali taku biyar."

Ni har na ji sanyi a raina, na ce yau Isiya ya kashe kansa. Kawu ya sunkuyar da kai, yana motsa baki kamar mai lissafi. Ya ɗago.

"Ƙarya kake, Malam. Taku bakwai ne."

To daga nan dariyar ta ƙare.

Washegari na tsaya a filin makaranta, rana tana dukana, ina jin mutane suna taruwa a bayana. Layina ba laifi, don da yawa sun zo ne saboda ni ɗan gidan Ilu ne. Inna Hajo tana cikin matan da suka tsaya mini. Can sai ga Kawu ya shigo fili, yana tafiya a hankali. Ya nufo ni. Har na fara murmushi. Ya zo daf da ni, ina jin ƙanshin ƙurar gero a jikinsa, ya wuce. Bai kalle ni ba. Ya je ya tsaya a bayan Malam Isiya, ya harɗe hannu.

Ban waiga ba, amma ina jin takun mutane suna zamewa daga bayana, ɗaya, biyu, sai gungu. Wani abokina da muka yi yawon kamfe tare ya raɗa mini, "Ka yi haƙuri, Lawal, kawunka ma ya ga abin da ya gani." Mutumin da ya goya ni zuwa asibiti ina ƙyanda, shi ya tsiraita ni a gaban garinmu. Abin da na ji ke nan a ranar, ba zan ɓoye ba.

Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Jami'an jam'iyya suka bi layi suka ƙirga, suka rubuta, suka shiga mota suka ce za a sanar daga sama. Layin Malam Isiya har ya karya kwana ya bi bayan ajujuwa. Na Alhaji Mamman bai kai sahun Asuba ranar da aka kwana ana ruwa ba, shi kansa ma bai zo ba, hotonsa Tanko ya riƙe. Bayan kwana biyu aka ce manya sun zauna an yi masalaha, don haɗin kan jam'iyya. Alhaji Mamman ne ɗan takara.

Kun san wa na yi fushi da shi? Ba Alhaji ba, ba manyan ba. Kawu. Na ce ya tozarta ni a banza, kujerar da ba ta Isiya ba, ba tawa ba. Na kwashe kayana daga gidansa. In na hango shi a hanya sai in sake lungu. Ranar Sallah in aika matata da yara, ni in ce kaina ke ciwo. Don in ƙara ƙona masa rai ma sai na koma wajen Alhaji Mamman, na zama mai riƙe masa fayil. Har yau ita ce sana'ata, ba sai kun tuna mini ba.

Shi kuwa a makon nan ya ɗauki fartanya ya je ya tumɓuke gambar da ke iyakar gonarsa, ya ja baya taku bakwai. Shi kaɗai ya yi. Sauran ukun ko taku ɗaya ba su matsa ba, ɗayansu ma da ya ga fili ya samu sai ya shuka wake a inda Kawu ya bari. Malam Isiya ya koma aji da allinsa, bai sake neman ko shugabancin kwamitin masallaci ba. Daga baya aka daina ƙato bayan ƙato ɗin ma, aka koma daliget, 'yan mutane kaɗan da ake kwasa a mota a kai su masauki a birni, su dawo da sabbin mashina. Wa zai zo rumfar mai awo ya sha tambaya, alhali waɗanda za su zaɓe shi suna ɗaki ɗaya a kulle?

Amma Kawu bai fasa ba. Duk kakar zaɓe sai ya aika wa masu neman takara, ya jera benci, ya rataye tiya. Na ƙarshen da ya yi na wuce a kan mashin na gan shi. Benci uku babu kowa. Masu sauraro tsofaffi biyu ne, ɗaya ba ya ji, sai wani mai rake da ya raɓe don inuwa. Kawu yana tsaye yana yi wa benci tambaya, muryarsa ta dushe. Wannan karon babu mai dariya. Na rage gudu, na ga zai juyo, na ƙara wuta.

Wata ranar Laraba bayan Azahar Inna Hajo ta zo gidana da ƙafarta. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba.

"Lawal, in da sauran kunya a idonka, tashi mu je. Kwanansa tara ba ya cin komai."

Na same shi kwance a ɗakinsa, ya zama kamar kara. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Ni da na zo dubiya, sai na ji bakina ya suɓuce.

"Kawu, da ka san abin da za su yi, da ka tsaya a bayana?"

"A'a," in ji shi. "Isiya ya fi ka sanin burtali."

Wallahi saura kaɗan in yi dariya. Mutum yana bakin kabari!

Ya numfasa, ya ce, "Ba wannan ke cina ba. Na tara mutane na ce su saurara. Suka saurara, suka sake ra'ayi, suka fito fili kowa ya ga inda kowa ya tsaya. Wa da ƙani sun ɓata, surukai sun ɓata. Ni na rasa ka. Ashe duk abin nan ba a ƙirgawa." Ya juyo da kai da ƙyar. "Inda na tsaya ban yi nadama ba. Amma kunyar da na ba ka a gaban jama'a, ka yafe mini?"

Shekara huɗu ina jiran wannan magana. Da ta zo, sai sauran girman kai ya sha gabana. Na ce, "Haba Kawu, ai ya wuce. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya ƙura mini ido.

"Ka kauce, Lawal. Allah daban. Kai na tambaya."

Na buɗe baki ke nan sai aka yi sallama, mutanen kasuwa ne suka zo dubiya, su wajen shida. Na yi wuf na miƙe na ba su wuri. Ina faɗa muku gaskiya, daɗi na ji da suka shigo. Daga bakin ƙofa na ce, "Kawu, zan dawo gobe mu ƙarasa." Idonsa dai yana kaina.

Washegari da hantsi ina sakatariya a tsaye, ina jiran Alhaji ya sa hannu a wata takarda, aka zo aka gaya mini Kawu ya cika.

Kalma biyu ce fa, jama'a. Na yafe. Ya yi mini tambaya a fili, babu taro, babu mai yi mini dariya, na yi masa irin amsar da muke yi wa talakawa. Na faɗe ta daga baya a bakin kabari bayan kowa ya watse, na faɗa har sau uku, amma wanda ya tambaya ba ya nan.

Kawu, na yafe, duniya da lahira. Kai ne ban samu na roƙa ba, kuma laifina ya fi naka. Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya daidaita harshenka wajen amsa tambaya. Ku da kuka ci gishirinsa, don Allah ku sa shi a addu'a, in da hali ku haɗa da ni.